Zaga Zariya da Ƙafa Don Ganin Inda Littattafanmu Suka Fito

Da wuya a sami ɗalibi a makarantar nan wanda bai taɓa riƙe Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja a hannunsa ba. Iyayenmu ma da yawansu da waɗannan littattafai suka ƙware a karatun boko. Amma in ka tare ɗalibi ka tambaye shi daga wane gari littattafan nan suka fito, sai ka ga ya yi jim, sa'an nan ya ce Kano, ko kuwa Kaduna. Alhali da zai buɗe shafin farko ya dubi ƙasa, sunan Zariya zai gani. Mu mutanen Shika da Samaru da Sabon Gari kullum muna ratsa wuraren da aka yi wannan babban aiki, a cikin mota ko a kan babur, ba mu ko waiwaya. Abin da nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu shi ne yadda mutum zai zaga garin nan da ƙafa, tare da jagora wanda ya san tarihi, ya ga wuraren da idonsa.

Irin wannan yawo tsohon abu ne a wasu ƙasashe. A birnin Dublin na ƙasar Ailan, ranar 16 ga Yuni ta kowace shekara mutane kan fito su bi titunan da aka ambata a cikin wani littafi mai suna Ulysses, wanda James Joyce ya rubuta aka buga a 1922. A Landan kuwa, in wani shahararren marubuci ya taɓa zama a wani gida, sai a manna wani shuɗin faifai a jikin bangon, a rubuta sunansa da shekarun da ya yi a duniya, don mai wucewa ya tsaya ya karanta. Birnin Edinbara shi ne na farko da Hukumar UNESCO ta ba laƙabin birnin adabi, a 2004, kuma akwai mutanen da sana'arsu ke nan a can, watau su tara baƙi su zaga da su suna nuna musu inda wane ya zauna, da inda wane ya yi rubutu. Mu a nan abin nunawa ba shi muka rasa ba. Masu nunawa ne suka yi ƙaranci, kuma dattawan da suka ga abin da idonsu suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Ni da 'yan ajinmu mun bi hanyar da zan zayyana tare da malaminmu na Hausa, a ranakun Asabar biyu, domin wuraren sun yi nisa da juna, ba su zaguwa a yini guda. Daga Shika sai an shiga mota an ratsa Samaru da Kwangila da Tudun Wada, a sauka a Ƙofar Doka. Daga nan ne ƙafa za ta fara aiki. Dalilin farawa daga birni kuwa shi ne, rubutu ya daɗe a Zazzau tun kafin Bature ya san hanyar zuwa ƙasar Hausa. Duk jagoran da ya fara labarinsa daga zuwan Turawa ya yanke wa labarin kai.

Da ka shiga birni ka nufi unguwannin malamai, irin su Kona da Juma, za ka ga abin da nake nufi. Zazzau ta yi suna tun da daɗewa wajen nahawu da lugga, har almajirai kan taso daga garuruwa masu nisa su zo su yi shekaru a zauren malami ɗaya. Tsarin karatun ya bambanta da namu na aji. Malam na zaune a kan buzu, ɗalibai sun kewaye shi, kowa da littafinsa. In layi ya zo kanka sai ka karanta Larabcin, malam ya fassara maka da Hausa kalma bayan kalma, sauran suna saurare, wanda ya riga ya wuce wurin yana tuna baya, wanda bai kai ba yana tsintar na gaba. Ana farawa daga ƙananan littattafai irin su Ahalari da Ishmawi, a hau Iziyya da Risala, har a kai Askari. Ta fannin nahawu kuma a bi Ajurumiyya zuwa Alfiyya. Wannan fassara ta baki da ake yi kullum safiya ita ta goge harshen Hausa, ta cika shi da kalmomin ilmi, har ya iya ɗaukar kowace irin magana. Kuma daga cikin waɗannan zauruka ne rubutun ajami ya bunƙasa, watau rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci. Malami ya fere alƙalaminsa na kara, ya dama tawada, ya tsara waƙar wa'azi ko ta yabon Annabi, almajirai su kwafa, su haddace, su tafi da ita garuruwansu. Takardun ba a ɗinke suke ba, warwatse suke, ana tara su a cikin gafaka ta fata. A wani gida da muka shiga, mai gidan ya kwance mana wata gafaka da ya gada daga kakansa. Gefen takardun duk gara ta ci, wasu shafuka kuma ruwan damina ya narkar da tawadarsu. Ya ce akwai wasu gafakun a ɗaki da ya daina buɗewa don kada takardun su farfashe a hannunsa. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar, domin littafin da aka buga a inji in kwafi ɗaya ya lalace akwai dubu, amma na gafaka sau da yawa shi kaɗai ne a duniya.

Daga nan sai a gangaro ƙofar fada. Kowa zai so ya tsaya kallon zanen da ke jikin ƙofar, da kuma tsohon masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Amma mai neman tarihin adabi, abin da zai tuna a nan shi ne wannan gida ya taɓa samun sarki mawaƙi. Aliyu Ɗan Sidi, daga gidan Mallawa, ya hau gadon sarauta a 1903, daidai lokacin da Turawa suka kafa mulkinsu. Malami ne mai zurfin ilmi, ya kuma rubuta waƙoƙi da ajami, cikinsu har da Tabarƙoƙo wadda ake nazarinta a makarantu. Masu nazari sun ce waƙoƙinsa cike suke da habaici da zambo a lulluɓe, irin maganar mutumin da ke kan mulki amma akwai wani a bisa kansa, ga kuma magauta a gefe. Zamansa da Turawa bai yi daɗi ba. Daga ƙarshe suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, can ya rasu a 1924. In aka karanta waƙarsa a aji, kalmomi ne masu wuya da ake neman ma'anarsu don jarrabawa. In aka tsaya a ƙofar gidan da ya yi mulki aka ba ka labarin yadda aka fitar da shi, sai ka gane abin da ya sa bai fito fili ya faɗi maganarsa ba.

Kafin a bar birni ya kamata jagora ya ambaci Alhaji Aliyu Namangi, mai waƙar Imfiraji. Makaho ne tun yana yaro, bai taɓa ganin baƙi a kan takarda ba, amma ya tsara waƙar da ta game ƙasar Hausa duka. Shi yake tsarawa a ka, wasu su rubuta. Makafi masu bara suka ɗauke ta suka shiga da ita kasuwanni da tashoshi da ƙofofin gidaje, har matan da ke cikin kulle suka haddace ta ba tare da sun san sunan mai ita ba. Daga baya aka buga ta a littafi a nan Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a 1990. Akwai tsofaffi a birni da suka san shi ido da ido, kuma in an yi sallama da ladabi suna ba da labari.

Akwai wata unguwa a cikin birnin da ake kira Durumin Maigarke, inda wani Bature ɗan mishan, Dakta Walter Miller, ya zauna ya buɗe makaranta da ɗakin magani a farkon ƙarni na 20. A 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, bayan gari, kusa da dutsen Kufena. Miller na cikin waɗanda suka yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932. Wusasa ta yi nisa da ƙafa daga fada, sai dai a je a mota. Wanda ya je zai ga tsohuwar majami'ar da aka gina da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, ya kuma san cewa daga wannan ƙauye John Tafida ya fito, wanda za mu sake gamuwa da sunansa yanzun nan.

To, yanzu sai mu fito daga ganuwa mu nufi Tukur-Tukur, mu hau titin da ake kira Hanyar Gaskiya. A ganina nan ne zuciyar wannan yawo, saboda haka zan ɗan daɗe a kai.

A 1929 Gwamnatin Turawa ta kafa wani ofishi na fassara littattafai don makarantun Arewa, ba da daɗewa ba aka dawo da shi Zariya, aka kuma sa wani malamin makaranta, Dakta Rupert East, ya shugabance shi. Da farko aikinsu fassara ne kawai, daga Larabci da Turanci. Amma East ya lura da wani abu. Yara suna koyon karatun boko, in sun iya kuma ba su da abin karantawa na jin daɗi, sai littattafan lissafi da na kiwon lafiya. Wanda ba shi da abin karantawa kuwa, karatun zai gudu ya bar shi. Saboda haka a 1933 ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙago labari daga kansu su rubuta, a yi gasa. Abin bai zo da sauƙi ba. A wurin malaman wancan zamani rubutu abu ne mai alfarma, na addini da shari'a da tarihi. Ƙagaggen labari kuwa tatsuniya ce, aikin tsofaffin mata da yara da dare. Yaya za a ce babban mutum ya zauna ya ɓata tawada a kan abin da shi kansa ya san bai faru ba? Duk da haka aka sami waɗanda suka amsa, kuma littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri. Abubakar Imam, yana malamin Midil ta Katsina, shekarunsa 22 kacal, ya rubuta Ruwan Bagaja. Wansa Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki. Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta a Bauchi wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya, ya rubuta Shaihu Umar. Muhammadu Gwarzo ya kawo Idon Matambayi. Na biyar shi ne Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East kansa. Ku lura, mutum ɗaya ne kawai daga cikinsu ɗan ƙasar Zazzau, amma duk rubuce-rubucen nan Zariya suka zo aka gyara su aka fitar. Tun daga ranar garin ya zama kasuwar da marubucin Hausa ke kawo hajarsa.

East ya ga hazaƙar Imam, sai ya nemi a ba shi aronsa daga Katsina. A 1936 Imam ya zo Zariya ya zauna na 'yan watanni, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya karanta, ya zaɓa, ya sāke musu kama. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939. Wasu kan ce ai aro ya yi. Ni dai ina ganin wanda ya ɗauko labari daga Bagadaza ko daga Jamus, ya sa masa rawani da babbar riga, ya sa shi yana magana da bakin aku a fadar sarkin Hausa har ba mai iya gane baƙo ne, ya yi aikin da ya fi ƙarfin a kira shi aro.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na Hausa. Sunan ma kansa talla ne, domin kwabo ɗaya ake sayar da ita. A cikin wannan shekara Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, jama'a suka matsu su ji labari, jaridar ta sami karɓuwa. Mutum ɗaya zai saya, ya zauna a dandali ya karanta da ƙarfi, goma su saurara. Masu karatu kuma suka fara aiko da wasiƙu suna faɗin ra'ayinsu a kan al'amuran ƙasa, abin da talaka bai saba yi a fili ba. A wannan zamani ne kuma aka daidaita yadda ake rubuta Hausar boko. Haruffan nan masu lanƙwasa da malamai ke cin mu tara in mun manta da su, watau ɓ da ɗ da ƙ, ba da su aka fara ba. Da can wasu ɗigo suke sawa a ƙarƙashin harafin, wasu kuma su sa alama a gefensa. A cikin shekarun 1930 aka tsayar da masu lanƙwasar, littattafai da jaridar Zariya kuma suka baza su ko'ina, har suka zama su ne ƙa'ida.

Da aiki ya yi yawa, sai a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, da injinan buga littattafai da gidajen ma'aikata. Sunan kamfanin ne ya bi titin da unguwar har yau, ko da yake da yawa daga masu cewa direba ya sauke su a Gaskiya ba su san dalilin sunan ba. Jagoranmu ya bayyana mana yadda ake aikin a wancan lokaci, kafin zuwan kwamfuta. Kowane harafi ɗan ƙarfe ne, ana jera su a juye, daga baya a shafa tawada a danna a kan takarda. Kuskuren harafi ɗaya sai an kwance layi an sāke. In ka tuna yawan shafukan Magana Jari Ce sai ka ji tausayin idon masu wannan aiki.

Cikin waɗanda suka yi aiki a wannan fage akwai Malam Nuhu Bamalli, wanda ya rubuta Bala da Babiya, ya zama Ministan Harkokin Waje a Jamhuriya ta Farko, ya kuma riƙe sarautar Magajin Garin Zazzau. Shi ne mahaifin Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli, wanda ya hau gadon sarauta a 2020. Daga 1954 zuwa 1959 kuma wata hukuma da ake kira NORLA ta ɗauki nauyin samar da abin karantawa ga manyan da suka shiga ajin Yaƙi da Jahilci. Ita ta riƙa fitar da ƙananan jaridu na larduna, Bazazzaga don Zariya, Sodangi don Kano, Himma don Katsina, Zaruma don Sakkwato. Bayanta, a 1966, aka kafa kamfanin NNPC. A nan sai jagora ya yi hattara, don da ya faɗi sunan yara za su ɗauka na man fetur ake nufi. Wannan na littattafai ne, kuma ya girmi na fetur da shekara 11. Shi ne ya ci gaba da buga tsofaffin littattafan nan da muke karantawa, ya kuma shirya gasar da ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980, littafin da ya buɗe wa mata marubuta ƙofa. A kan wannan titi dai Kwalejin Barewa take, wadda ta faro daga Katsina, ta zauna a Kaduna daga 1938, ta dawo Zariya a 1949. Imam da Tafawa Ɓalewa duk a Kwalejin Katsina suka yi karatu, watau uwar Barewa ta yanzu. Imam ya rasu a 1981.

Abin baƙin ciki shi ne, baƙon da ya bi titin nan shi kaɗai zai iya wucewa bai san ya taka wani wuri mai tarihi ba. Wani saurayi da muka tambaya a bakin hanya ko ya san abin da ake yi a nan da, cewa ya yi yana jin kamar masaƙa ce. Ban ga laifinsa ba, ba wanda ya taɓa gaya masa.

Asabar ta biyu daga Sabon Gari ake farawa, kuma ba a daɗewa a nan. Garin jirgin ƙasa ne ya haife shi, bayan da layin dogo ya iso Zariya ya wuce Kano a 1911. Amfanin tsayawa a tasha shi ne a gane yadda jarida da littafi suke fita daga Zariya su kai Kano da Gusau da Jos da Nguru, a lokacin da hanyoyin mota ba su da kyau. Sa'an nan a leƙa wurin masu sayar da littattafai a kasuwa, a ga yadda littattafan addini na ajami da na makaranta da labaran soyayya da aka fara bugawa a Kano a shekarun 1980 suke zaune a kan tebur ɗaya. Masu sayarwa za su gaya maka ciniki ya ja baya tun da labarai suka koma cikin waya.

Daga nan sai Samaru. Jami'ar Ahmadu Bello an buɗe ta a 1962, kuma filinta yana da daɗin tafiya da ƙafa saboda inuwar itatuwa. Wuri na farko shi ne Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, inda ake ajiye tsofaffin jaridu da littattafan da suka ɓace a kasuwa. Sai Sashen Tarihi, inda tun shekarun 1960 masana irin su Farfesa Abdullahi Smith suka sa hannu a aikin tattara tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami daga gidajen malamai, a ɗauki hotonsu ko a adana su. Watau maganin ciwon da muka gani a gafakar birni yana nan Samaru, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a mota, sai dai masu gafaka da yawa suna tsoron in sun ba da takardun kakanninsu ba za su dawo ba. Wannan tsoro ba a raina shi, kuma sai an zauna da su an fahimci juna. Akwai kuma dandalin wasan kwaikwayo da aka gina da jar ƙasa a tsakiyar shekarun 1970, da ɗakuna zagayayyu kamar gidan ƙauye, inda ɗalibai suka riƙa shirya wasanni suna fita da su unguwannin Samaru da ƙauyukan kewaye. Kada kuma a manta da ma'aikatar yaɗa dabarun noma ta jami'ar, wadda ta daɗe tana buga ƙananan takardu da Hausa a kan taki da iri da maganin ƙwari. Wani zai ce wannan ba adabi ba ne. Amma manomi da yawa a ƙasar nan takardar farko da ya karanta don amfanin kansa irin wannan ce.

Game da shirin tafiyar, lokacin hunturu ya fi, a fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, a kuma kauce wa ranar Juma'a saboda cunkoson masallaci. Kada ƙungiya ta wuce mutum goma sha biyar, domin zauren malami ba ya ɗaukar aji guda, lungunan birni kuma matsattsu ne. A aika tun kafin ranar a nemi izini, a cire takalmi inda ake cirewa, kada kuma wani ya ɗaga waya ya ɗauki hoton takardun mutane sai an yardar masa. Shi kuma jagora, babban sharaɗinsa shi ne gaskiya. Yana da sauƙi mutum ya nuna wata tsohuwar bishiya ya ce a gindinta Imam ya rubuta labarin kaza, yara su rubuta a littafinsu, ƙarya ta zama tarihi. Abin da aka tabbatar a faɗe shi, abin da aka ji a bakin mutane a ce an ji ne. Ina ganin ɗaliban manyan azuzuwa za su iya koyon wannan aiki, kowa ya ɗauki wuri ɗaya ya bincike shi sosai, har ya iya tsayawa gaban iyaye da baƙi ya yi bayani na minti goma ba tare da duba takarda ba.

Yawon yana ƙarewa ne a gida, watau Shika. An san mu da gonar binciken dabbobi wadda ta faro tun 1928, da kajin nan da ake kira Shika Brown, da kuma Asibitin Koyarwa. Ba mai kawo sunanmu in ana zancen littattafai. Amma in ka miƙe hanyar Funtuwa kaɗan za ka isa Giwa, hedkwatar ƙaramar hukumarmu, kuma a can ne aka yi wani aiki da duniya ta san shi. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, wata tsohuwa da ake kira Baba ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, matar wani mai binciken al'adu da ke aiki a ƙasar Zazzau. Baba ba ta iya karatu ko rubutu ba. Ta riƙa ba da labarin rayuwarta da Hausa, Baturiyar tana rubutawa: yadda aka yi zamanin harin bayi, da zuwan Turawa, da aure-aurenta, da zaman kishiyoyi, da ƙawance, da bori, da yadda ake suna da biki. Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba. Ya fito da Turanci a 1954 da sunan Baba of Karo, kuma har yanzu ana karanta shi a jami'o'in Ingila da Amurka in ana son sanin yadda matan Hausa suka rayu a wancan zamani. Daga ƙofar makarantarmu zuwa Giwa kuɗin mota kaɗan ne, kuma ranar kasuwa motoci ba sa yankewa.